Laraba, a gaban taswirar furotin

Tun bayan sallar asuba nake gaban kwamfuta, domin daren jiya na gama tace bayanan da na sauke daga rumbun GEO, wato ma'ajiyar bayanan ƙwayoyin gado a intanet, waɗanda ke kwatanta lafiyayyen naman tayirod da wanda sankarar anafilastik ta kama. Tayirod ita ce halittar nan ta gaban wuya wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Wannan nau'in sankara bai wuce kashi 2 cikin 100 na sankarar tayirod ba, amma yawancin masu ita ba sa cika shekara bayan an gano ta, kuma maganin ayodin mai tururi ba ya kama ta, saboda ƙwayoyinta sun daina shan ayodin.

Da hantsi na zuba jerin ƙwayoyin gadon da aikinsu ya hauhawa cikin STRING, shafin da ke nuna waɗanne furotin ke hulɗa da juna, na kwashe sakamakon zuwa Cytoscape, manhajar zana taswirar hulɗar, ina neman furotin da magani zai iya kai wa hari. Taswirar ta fito kamar saƙar gizo-gizo, ɗigo-ɗigo da zare a tsakaninsu, sai wani dunƙule a tsakiya da ya cushe har ba a iya karanta sunayen sai an buɗa shi. Da na jera furotin bisa yawan abokan hulɗarsu, CDK1 da CCNB1 da TOP2A da AURKA ne suka hau sama. Na ji daɗi ƙwarai, har na ɗauki hoton allon da waya.

Bayan azahar na kai wa malamina. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Duk waɗannan na rabuwar ƙwayoyin halitta ne. Wace sankara ce mai saurin girma ba za ta ba ka su ba?" Na ce, "Haka ne, Malam." Ya tuna mini cewa TOP2A shi ne abin da maganin sankara doxorubicin ke kai wa hari, kuma an shafe shekaru ana ba masu wannan cuta shi ba tare da wani sakamako na a zo a gani ba. Ga shi ɓargo da hanji ma suna buƙatar waɗannan furotin, don haka toshe su yana taɓa mai lafiya.

Maganar ta tsaya mini a rai, domin nasarar da aka samu a fili ta zo ne ta wata hanya. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da haɗin magungunan dabrafenib da trametinib ga masu wannan cuta da ke da sauyin ƙwayar gado na BRAF V600E, ɗaya ya tare furotin BRAF, ɗaya ya tare furotin MEK da ke bayansa a layi guda. Waɗanda ba su da wannan sauyin su ne abin damuwata, kuma su ne suka fi yawa.

Bayan isha'i na ware dunƙulen rabuwar ƙwayoyi gefe, na fara bin ƙananan rukunan da ya rufe, musamman na furotin PI3K da AKT. Gobe in Allah ya kai mu zan kwatanta su da bayanan sankarar fafilari, wani nau'in sankarar tayirod mai tafiyar hawainiya, in ga abin da ya bambanta su.