Kogin da Ya Rage a Bakin Masunta: Tafiyata Haɗeja da Nguru

Shekaranjiya na dawo Kano daga fadamar Haɗeja da Nguru, kuma har yanzu ban gama juye abin da na naɗo a rikoda zuwa takarda ba. Na je ne tattara waƙoƙin masunta da kirarinsu domin nazarin da nake yi kan adabin baka ta fuskar muhalli, wato a saurari waƙa ana lura da itatuwa da tsuntsaye da ruwayen da ta ambata, da kuma matsayin da mawaƙin ya ba kansa a tsakaninsu.

Ba mu yi nisa da Haɗeja ba wani jami'i ya tsayar da motarmu a shinge. Da ya ga rikoda a jakata sai ya nemi takardar izini, da na ce masa waƙoƙin masunta nake bi, ya yi dariya ya tambaye ni ko waƙa ake ci. Kusan awa guda ya riƙe ni a rana, fasinjoji suna ta ba shi haƙuri, kafin ya miƙo mini kayana ba tare da ya dube ni ba.

A bakin ruwa kuma mai kwalekwale ya yanka mini kuɗin da ya ninka abin da aka gaya mini a tasha. Na yi ciniki irin na Bakano, har na juya kamar zan tafi, shi kuwa ko gezau bai yi ba. Sai da muka shiga ruwa na ji kunyar kaina, domin kacala, wata doguwar ciyawar ruwa, ta toshe hanyar da aka saba bi, dole ya kewaya ta wata 'yar kafa da masunta suka sare da hannu, yana tura jirgin da gora har gumi ya jiƙe masa riga.

Wani dattijon masunci ne ya sauke ni kwana uku, ya bar mini ɗakinsa, kuma ya ƙi karɓar ko kwabo. A Kano baƙon da ba a sani ba yakan sha tambayoyi a zaure kafin ya sha ruwa, a nan kuwa sai da na ƙoshi da tuwo da miyar kifi aka tambayi sunana. Bayan sallar isha'i ya yi mini waƙar da suke yi in za a faɗa ruwa yin su, wato kamun kifi, yana kaɗa gorar kamun kifi da tafinsa. Waƙar jerin sunaye ce: tarwaɗa, karfasa, gargaza, ragon ruwa, gaiwa mai kwana a laka har rani ya wuce, da giwan ruwa, kowanne da kirarinsa da gurbin da ake samunsa da lokacin da yake hayayyafa. Jikansa da ke zaune gefe ya haddace ta tsaf, amma da na tambaye shi ya ce giwan ruwa a waƙar kawai ya san shi, bai taɓa ganin an fito da shi daga wannan ruwa ba.

Na ce, “Baba, ina kifayen suka tafi?” Ya ce, “Ɗana, ai ku za a tambaya, tunda a ƙasarku aka ɗaure ruwan.” Ban sami abin cewa ba. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, kuma da ruwan Tiga ake noman rani a Kura da Kadawa, da ruwansu birnin Kano yake sha. Kafin nan kogin Haɗeja yakan yi ambaliya da damina ya malale fadama, kifi ya bi shi ya yi ƙwai, sa'an nan ya janye a shuka a danshinsa. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai laka ta taru, kacala ta sami wurin zama, tsuntsun jan-baki kuma ya sami maɓoya a cikinta yana faɗa wa shinkafa. Waƙar dattijon ta girmi madatsun biyu, saboda haka kogin da take siffantawa shi ne na da.

Washegari a gona ya nuna mini gawo, ya tuna mini da kirarinsa na ƙin ruwan Allah. Mu a aji habaici muke ɗaukar wannan magana, muna jifan mai taurin kai da ita. Shi kuwa bayanin noma ya ji a ciki: gawo yana kaɗe ganye da damina, don haka ba ya hana gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya zubo wa dabbobi 'ya'ya, shi ya sa manomi ba ya sare shi. Haka “belbela ci da motsin wani”, wanda ya fara faɗinta ya daɗe yana kallon yadda take bin shanu tana cafke farin da ƙafafunsu suka tayar. Na shekara ina koyar da waɗannan maganganu a babin salon sarrafa harshe, ban taɓa tambayar ɗalibai ko sun san gawo a ido ba.

Sai dai wanda ya zo da ra'in da ya karanto a littattafan Turai yana neman ƙaunar halitta zalla a waƙoƙin nan zai koma da rabin labari. Kirarin mafarautan da na ji a ƙauyen alfahari ne da kisa, kuma matan da ke korar tsuntsu a gonar shinkafa tsine wa jan-baki suke yi a waƙe, ba sassauci. A ganina hakan ma shaida ce da ya kamata manazarci ya rubuta yadda ya ji ta.

Nguru kwana ɗaya na yi. Na leƙa tsohuwar tashar jirgin ƙasa, na ga garken tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da hunturu a bakin tafki, masauki kuma ya yi tsada ba dalili. Gashuwa ban kai ba, guzuri ya ƙare.

Dattijon ya ɗaure mini bandar tarwaɗa a kwali, wadda gidanmu ake ta miya da ita. Waƙarsa ta biyu, wadda ya yi mini a cikin kwalekwale, ita nake fama da ita yanzu, domin sai na maido da baiti sau uku kafin in tsinci kalmominsa daga ƙarar iska a cikin kacala.