Ja ko UV: launi na biyu da ya dace da tocilar aljihu

Yawancin ƙananan tocilolin caji da ake kawowa yanzu suna da ƙwai biyu: babban fari a gaba, da ƙarami mai wani launi a gefe. Mai shago a babbar kasuwar Katsina zai danna maka ja da kore da shuɗi suna walƙiya, har ka ɗauka mai tarin launuka ta fi. In aiki ake nufi, zaɓin mutumin Katsina ko Daura bai wuce biyu ba, ja ko UV, wato hasken da ke gaba da shunayya wanda ido ba ya gani sosai.

Amfanin ja yana ga yadda ido ke aiki. Ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma farin haske mai ƙarfi na ɗan lokaci ya isa ya rushe wannan sabo. Ƙwayoyin ido masu gani da dare kuwa ba su cika jin jan haske ba, musamman mai nanomita (ma'aunin da ake bambance launukan haske da shi) 620 zuwa 660. Shi ya sa mai gadi zai duba agogo ko kwaɗo da ja, ya ɗaga kai yana ganin bakin ƙofa yadda yake gani ɗazu. Haka mai ban-ruwan dare a gonakin rani na Jibiya ko Zobe, da uwar da ke son duba jariri ba ta tashi sauran yara ba. Sharaɗin shi ne ya zama mai rauni, lumen (ma'aunin ƙarfin haske) 1 zuwa 5. Jan da ke haska ɗaki duka yana kashe ido kamar fari. Da damina kuma shinge da sauran ƙwari ba su taruwa a kansa kamar yadda suke yi wa farar fitila. Sauro dai ba ruwansa, numfashi da ɗumin jiki yake bi.

Aibin ja shi ne yana haɗiye launi. Jar waya da fara sai su zama ɗaya, rubutun jan biro ya ɓace a takarda, ƙwayoyin magani su yi kama da juna, jini ma da ƙyar ake gane shi. Mai gyaran wuta ko mai jinya ya koma fari kafin ya taɓa komai. Kada kuma a bi hanyar gona da shi, don kububuwa launinta ɗaya da ƙasa, farin haske mai ƙarfi ne ke tona ta.

UV kuwa maganin kunama ne. Ɓawon jikinta yana ƙyalli kore-kore mai shuɗi da zarar hasken ya faɗa mata, ko ta maƙale a tsagar katanga. Duk gidan da ake kwana a tsakar gida da bazara, ko ake da rumbu da tarin kara, ya kamata a kewaya da shi kafin a shimfiɗa tabarma, a leƙa cikin takalma. Maciji ba ya ƙyallin nan, kar a dogara da shi a kansa.

Iri biyu ake samu. Mai lamba 395, wato nanomita 395, ya fi araha, yana zubar da haske shunayya da yawa, ya wadatar wajen kunama. Mai 365 ya fi tsada, ido ba ya ganin haskensa sosai, kuma mai kyansa yana da baƙin gilashi a baki da ake kira ZWB2. Shi ya dace da mai POS ko dillalin dabbobi a kasuwar Mai'aduwa da ke karɓar 'yan ɗari biyar da dubu-dubu da magariba. Takardar rubutu tana yin shuɗi fayau a ƙarƙashinsa saboda sinadarin da ake sa mata don ta yi fari, takardar kuɗi ta gaskiya kuwa dusu-dusu take zama. A haɗa da duba zaren tsaro da hoton da ke ɓoye cikin takardar, gwaji ɗaya ba ya isa. UV yana cutar da ido ko mutum bai ji zafi ba, saboda haka ba abin ba yara ba ne.

Kore ya fi ja haske da batir ɗaya, tunda ido ya fi jin haske a wajen nanomita 555, amma dalilin nan ne ke sa ya ɓata sabon da ido ya yi da duhu. Shuɗi ado ne kawai, kuma mai walƙiyar ja da shuɗi irin ta jami'an tsaro na iya jawo maka tambayoyi a shingen bincike. Masu cewa ruwan ɗorawa na ratsa hazon hunturu sun ƙara gishiri. Ya dai fi sauƙi a ido, amma sauke tocilar zuwa ƙugu ya fi rage ƙurar da ke dawo maka da haske.

Kafin ka biya, kashe tocilar ka gwada makunni. In sai ta bi ta fari kafin ta kai ja, ajiye ta, amfanin jan ya tafi tun a dannawar farko. Nemi mai makunni dabam, ko wadda dogon danni ke kai ta ja kai tsaye. Duba kuma ko tana da makullin da ke hana ta kunnuwa da kanta. Makunnin gefe yakan dannu a aljihun kaftani, UV 365 kuma ba a lura ya kunnu sai batir ya ƙare. In babu makulli, a yawancin masu jikin alminiyam da batir 18650 ko 14500, sassauta murfin baya kwatan zagaye yana yanke wutar.