Tsohuwar Sandar Fatsa: Kuɗin Gyara Daban, Daraja Daban

A shagon da nake aiki a arewacin Ingila, inda muke gyaran tsofaffin sandunan kamun kifi, maigidana ba ya taɓa sanda sai ya tambayi mai ita: "Kifi za ka kama da ita, ko ajiyewa za ka yi, ko sayarwa?" Amsar nan ce ke nuna irin gyaran da za a yi, wani lokacin ma ita ke sa a ce kada a yi gyaran kwata-kwata.

Yawancin waɗanda ake kawo mana na gora ne. Ana tsaga gorar, a fere tsagi shida, a haɗa su da gam su zama sanda ɗaya mai kusurwa shida. Gorar da aka fi so ita ce ta Tonkin, daga kudancin Sin. Da Amurka ta hana ciniki da Sin a 1950 sai ta yi wuyar samu, sandunan zaren gilashi suka cika kasuwa, daga baya na kabon suka zo.

Abin da na fara fahimta shi ne wahalar aiki ba ruwanta da sunan mai ƙira. Ko sandar ta wane ce, sai an kankare tsohon man ƙyallin da ke hana ruwa shiga, a gasa inda ta lanƙwashe a hankali har ta miƙe, a ɗaure kowane zoben da igiyar fatsa ke bi ta cikinsa da zaren alharini, a sake shafa mai, a jira ya bushe, a ƙara shafawa. Ɗaurin zaren nan kaɗai yana cin ido. Zare ɗaya ya hau kan ɗan'uwansa, da an shafa mai zai fito ƙarara. Amma a wajen gwanjo, sandar Everett Garrison, injiniyan Amurka da bai ƙera da yawa ba a rayuwarsa, tana kai dubban daloli, ita kuwa ta kamfanin Montague, da aka riƙa zubowa kasuwa kamar ƙasa, sau da yawa kuɗin gyaranta ya fi kuɗinta. Muna faɗa wa mai ita gaskiya. Wasu su ɗauki abarsu su tafi, wasu su ce ta kakansu ce, a gyara ko nawa ne. Waɗannan ban ga laifinsu ba ko kaɗan.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne gyara yana iya rage daraja. Kamfanin Hardy na garin Alnwick, wanda ya fara a 1872, yana rubuta sunan sanda da tawada a jikin gorar, sama da mariƙi, sannan a rufe da mai. Akwai kuma lamba da ake gane shekarar ƙira da ita. Wanda ya kankare man ba da lura ba ya tafi da rubutun, kuma masu tara kayan tarihi sun fi son sanda da dattinta na asali a kan wadda ke walƙiya kamar jiya aka yi ta. Har jakar yadin da ta zo a ciki suna tambaya. Tsinin da ya taɓa karyewa aka datse, ko da inci ɗaya ne, shi ma yana karya farashi sosai, shi ya sa muke jera gaɓoɓin sandar a kan tebur mu gwada tsawonsu kafin a yi maganar kuɗi.

Labari ma ana sayensa. A 1952 Richard Walker ya kama kifin da Turawa ke kira carp, mai nauyin laba 44, a tafkin Redmire da sandar da ya ƙera da kansa, mai suna Mark IV. Kamfanin B. James na Landan ya shiga ƙera irinta, har yau kuma ana rububin na farko-farkon. Maganar gaskiya, sandar kabon mai araha ta fi ta sauƙin ɗauka da nisan jifa, masu sayen ma sun san haka. In tsohuwar Mark IV ta shigo da man ƙyallinta na asali lafiya, maigida kan ce in goge ta da ɗanyen tsumma, in duba zobban, in mayar da ita jaka.