Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Murfin Kular Abinci

A makon jiya na tsaya ne a ranar da aka ɗauke ni daga ɗakin injina aka mayar da ni ofishin zane, a masana'antar robar da nake aiki a Sharaɗa, cikin birnin Kano. Wannan ya faru a farkon shekarar 2016, kuma a lokacin ina ganin babu abin da ya rage mini, tunda na yi karatun injiniyanci, na iya SolidWorks, manhajar zanen injiniya a kwamfuta, na kuma shafe wata takwas ina tsaye a gaban injin ɗura roba ina kallon bokitai da butoci suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya.

Ga wanda bai taɓa shiga irin wannan wuri ba, aikin injin ba shi da wuyar fahimta. Ana zuba ƙwayoyin roba masu kama da shinkafa a mazurari, wani dogon ƙarfe mai murɗe, irin na injin markaɗe, ya riƙa tura su cikin bututu mai zafi har su narke, sannan a ɗura narkakkiyar robar da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe mai ɓari biyu, wanda ma'aikata ke kira mol. Ruwan sanyi yana zagayawa a cikin ƙarfen, robar ta daskare, mazubin ya buɗe, wasu sandunan ƙarfe su turo kayan waje. Robar da muka fi amfani da ita ita ce PP, wadda ake narkarwa a zafin da ya haura digiri 200, mafi yawanta kuma daga Eleme ta Jihar Ribas ake kawo mana ita.

Aikin farko da aka ba ni shi ne zana sabon murfi na kular abinci, mai faɗin milimita 300, da mariƙi a tsakiya. Kwana huɗu na yi a kansa, na fitar da hoto mai sheƙi wanda manaja ya yaba, sannan ya ce in kai wa dattijon da ke kula da mazubai ya sa hannu kafin a aika zanen Huangyan ta ƙasar Sin, inda ake sassaƙa mana su. Wannan dattijo, wanda kowa ke kira Baba, bai yi karatun boko mai zurfi ba, amma ya fi shekara 30 yana kwance mazubai yana ɗaurawa.

Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, "Injiniya, wannan murfin naka ta ina zai fito?"

Na ce, "Baba, ai idan mol ya buɗe fitowa zai yi."

Bai ce komai ba, ya miƙa hannu ya ɗauko bokiti guda, ya ce in auna bakinsa da gindinsa. Na auna, bakin ya fi faɗi, abin da kowane yaro ya sani, amma ni a zatona an yi haka ne kawai don a riƙa cusa bokitai cikin juna wajen lodi. Baba ya bayyana mini cewa roba idan tana hucewa tsukewa take yi, ta damƙe ɓarin ƙarfen da ke cikinta, don haka duk bangon da aka zana a miƙe sak zai maƙale, sandunan turawa kuma su huda kayan ko su bar masa farin tabo. Dole kowane bango ya ɗan karkata, digiri 1 zuwa 2, idan kuma fuskar mai ƙurji-ƙurji ce a ƙara. Gefen murfina kuwa a miƙe na zana shi, babu ko rabin digiri.

Daga nan ya tambaye ni nawa na bar wa tsukewa, na ce ban bar komai ba. Ya sa na yi lissafi a gabansa: idan PP ta tsuke da kashi 1.5 cikin 100, murfin milimita 300 zai rasa milimita 4.5, wato ba zai hau bakin kular ba ko da an taka shi da ƙafa. Waɗannan biyun na karɓe su ba musu, na koma na gyara.

A kan na uku ne na yi taurin kai. Jikin murfin milimita 2.5 ne, amma gindin mariƙin na cika shi da roba har milimita 8, domin na sha ganin mata suna ɗaga kula cike da tuwo ta mariƙin murfi, kuma ina so nawa ya gagari karyewa. Baba ya ce in rarake wurin ya zama kauri ɗaya da sauran jikin, in tokare shi ta ciki da siraran haƙarƙari waɗanda kaurinsu bai wuce kashi 60 cikin 100 na bangon ba. Ni kuwa na ga kamar rowar roba ce irin ta masu masana'antu, waɗanda ke ƙirga kowane giram. Na amsa masa da to, na rage kaurin zuwa milimita 6 don in rufe bakinsa, na aika zanen. Masu sassaƙar ma sun turo tambaya a kan wurin, na amsa musu cewa haka muke so.

Bayan wata uku da 'yan kwanaki mazubin ya iso, a daidai lokacin da darajar naira ta faɗi warwas, dala ta yi wuyar samu, har kowane abu da aka shigo da shi ya zama kamar zinariya. Aka ɗaura shi da safe, Baba yana tsaye hannunsa a baya. Murfin farko ya faɗo sumul, ya hau bakin kula daidai, ni kuma har na fara murmushi. Baba ya ajiye shi a kan tebur ya ce in jira. Cikin 'yan mintuna saman mariƙin ya loɓa, wani rami mai kama da sawun babban yatsa a jikin ƙullin fura ya bayyana, gefen murfin kuma ya ɗan ɗaga har yana rawa a kan tebur. Fatar waje ta daskare da wuri, cikin mai kauri yana nan da zafinsa, da ya huce ya tsuke sai ya janyo fatar ciki. Baba ya sa zarto ya raba mariƙin biyu, ya nuna mini wani kogo kamar ƙwayar gero a tsakiyar wurin da na yi zaton ya fi ko'ina ƙarfi.

Mai tuƙa injin ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ƙara matsi, ya ƙara lokacin sanyaya, loɓawar ta ragu amma ba ta ɓace ba. Nan na koyi cewa lokacin sanyaya ba ya bin kauri ƙafa da ƙafa, idan kauri ya ninka sau biyu jiran yakan ninka kusan sau huɗu. Murfin da ya kamata ya fito cikin daƙiƙa 30 ya koma cin fiye da minti guda, a masana'antar da ke ƙona man gas a janareta rabin yini.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gyaran. Da siriri na zana wurin, ƙara masa kauri abu ne mai sauƙi, a ɗan kankare ƙarfe a huta. Amma rage kaurin roba yana nufin ƙara ƙarfe a cikin mazubi, kuma ƙarfen da aka riga aka sassaƙe ba ya komawa sai da walda ko a dasa wani guntu. Baba ya zaɓi dasawa, ya rarake wurin, ya sassaƙa sabon guntu mai tsagogin haƙarƙari huɗu, aikin da ya ci masa kwana tara, ni kuma ina gefe ina miƙa masa baniya, wato ma'aunin kauri, da takardar gogewa.

A rana ta goma aka sake gwaji, murfin ya fito ba loɓawa. Baba ya cika kula da yashi, ya kulle murfin, ya ɗaga ta ta mariƙi ya girgiza sau uku, sannan ya miƙo mini rabin tsohon mariƙin nan mai kogo ya ce, "Ɗana, ajiye wannan a aljihun teburinka." Da yamma aka kira ni ofishin manaja, na tarar da takardar kuɗin gyaran a gabansa, abin da ya biyo baya kuma sai a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.