Ruwan sama-sama da Oga ya nace a kai

Tunda na miƙa makullin ɗakin gwaji, bari in faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Oga ya ce ɗibar ruwa daga saman teku ta wadatar, man jirgi ya yi tsada. Na ce ranka ya daɗe, da rani ruwan saman teku yakan yi ɗumi ya ƙi gaurayuwa da na ƙasa, sinadarin naitiret, abincin tsirrai, ya ƙare a cikinsa. Sai ƙananan tsirran teku, fitofilankton, su taru can ƙasa, inda haske bai gushe ba kuma abinci yana isowa daga zurfi. Wanda ya tsaya sama zai rubuta cewa teku fayau take. Abin da ya fi yawa a irin wannan ruwa shi ne Prochlorococcus, wani nau'in fitofilankton wanda ayarin masaniyar teku Sallie Chisholm ya bayyana a 1988, bai kai maikuron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, madubinmu na duba ƙananan halittu kuwa ba ya tantance shi.

Lokaci ma haka. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasan teku mai sanyi yakan taso a gaɓar Gana da Kwaddibuwa, fitofilankton irin su dayatom su yi yawa, kifin sadin ya biyo baya. A wajen Legas abin bai kai haka ƙarfi ba, amma samfurin Fabrairu ba zai taɓa wakiltar Agusta ba. Ga kuma ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele a Cadi tana zubar da sinadarin ƙarfe a Atlantika, ƙurar da ke fasa mana leɓe a gida.

Amsarsa a gaban kowa ita ce, ɗan Arewa ina ya san teku? Na yi shiru. Da muka fita, ni da direban jirgi muka saukar da kwalaben Niskin na ɗibar ruwa zurfi-zurfi, na ƙirga samfuran da daddare bayan na dawo daga Agege. Rahoto ya fito, jadawalin zurfin nan shi ne a shafin farko, sunana kuwa yana can cikin godiya. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Ke ƙanwata da za ki gaje teburina: rubuta zurfi da kwanan wata da fensir, tawada tana gogewa. Ki zuba ruwan Lugol, mai hana samfur lalacewa, tun kuna cikin jirgi. Kowane sakamako ki tura wa kanki kwafi ta imel kafin ki kai masa.