Ledar da ta kusa sa na sauke injekta a banza

Motar da nake ja Marsandi ce 911, tsohuwa sosai, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a kamfanin ANAMMCO na Enugu, injinta OM352 mai silinda 6, lita 5.7, babu kwamfuta babu komai, in ka ba shi gas mai kyau da iska zai yi ta aiki har ka gaji. To bayan kaka da muke ta jigilar masara daga Giwa zuwa Sabon Garin Zariya sai ta fara wani hali, in babu kaya lafiya lau, amma da na yi lodi na kama hanya, kafin Shika sai in ji totur ya yi sanyi, ina takawa har ƙasa amma kamar ana riƙe ta ta baya, sai ta fara shessheƙa, sai ta ɗauke ɗif. In na jira kamar minti 10 na buga famfon hannu na jawo gas, sai ta tashi kamar ba ita ba.

Wallahi abin ya dame ni, don motar nan da ita nake ciyar da gida, ga mai kaya yana ta kira. Bakaniken farko ko murfin tanki bai buɗe ba ya ce nozul ne, wato masu fesa gas cikin silinda. Aka cire guda 6 aka kai aka gyara, na biya, washegari a Kwangila ta sake mutuwa a tsakiyar titi ana ta min hon. Sai ya ce to injekta ce gaba ɗaya, wato babban famfon da ke tura wa nozul gas, sai an sauke ta, kuma duk direba ya san kuɗin da wannan ke ci.

Wani abokin aikina ne ya ce kafin nan in je wajen wani dattijo a Ɗan Magaji. Tambayar farko da ya min ita ce, yaro, in za ta mutu wane irin hayaƙi take yi? Na ce Baba gaskiya babu wani hayaƙi. Ya ce to yunwa take ji. Ya min bayani a tsaye, baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa, sai ka duba filtar iska ko nozul, shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa wato ringin fistin sun gaji, fari kuma gas ne bai ƙone ba ko ruwa na shiga. Amma mota ta rasa ƙarfi salansa fes, mai ne ba ya isowa.

Sai ya sa yaronsa ya kawo jarka da gas mai tsabta, ya cire tiyon da ya taho daga tanki, ya jona wani daga jarkar kai tsaye zuwa ƙaramin famfon da ke jikin injekta, aka ɗaure jarkar, aka fitar da iska, ya ce mu je da kayan. Muka yi har Samaru muka dawo, ko tari ba ta yi ba. Kun ga ke nan injekta lafiyarta ƙalau, matsalar tana tsakanin tanki da famfo.

Daga nan ya bi layin a hankali. Kwalbar nan ta gilashi da ke ƙarƙashin famfon hannu, wadda ni tunda na karɓi motar ban taɓa kwance ta ba, ragar cikinta ta cika da tsatsa, ga ruwa kwance a ƙasa. Ya wanke, ya canza wosha biyu na jan ƙarfe da suka tsufa don ta nan iska ke satar shiga. Ya duba hujin numfashin murfin tanki, don in ya toshe shi ma yana hana mai tafiya. Sannan aka sauke tankin aka juye, sai ga guntun farar leda kamar tafin hannu. Ina kyautata zaton ranar da na sayi gas wajen 'yan bumburutu ta faɗa, don da leda suke toshe bakin jarka. Baba ya ɗaga ta ya ce ka gani, in inji na ja da ƙarfi sai ta manne a bakin bututu, in ya mutu sai ta saki ta koma yawo, shi ya sa take tashi bayan ta huta.

Abin da ya fi min ciwo kuɗin nozul ɗin nan, da tun farko an yi gwajin jarka da ban kashe ko rabinsa ba. Yanzu duk sati nake kwance kwalbar in zubar da ruwan, filtocin gas ina canza su tare da juyen baƙin mai, kuma in dole ta sa na sayi na jarka sai an tace da ƙyalle a gabana. Jiya na ɗauko lodi daga Giwa, har na sauke a Sabon Gari ban taɓa famfon hannu ba.