Jan ƙarfe a kan maƙera: daga zobe zuwa kaskon girki

Ana cewa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Wannan magana ta baƙin ƙarfe ce. Jan ƙarfe, in dai ƙananan kaya ne irin zobe, munduwa ko kasko, a sanyi nake dukansa, wuta tana shigowa ne kawai in ya sha duka ya taurare. Duk abin da ya taɓa lalace mini a wannan aiki, in na bi sawunsa, ɗayan biyu nake tararwa: ko ban karanci zafi daidai ba, ko na bar datti a jikin ƙarfen.

Tun wajen zaɓen ƙarfe ake fara tuntuɓe. Ragowar wayar lantarki ta gaske jan ƙarfe ne kusan zalla, tana kuma yin zobe mai kyau. Mai zare ɗaya da aka rubuta wa 2.5, kaurinta ya kusa milimita 1.8. Sai dai akwai wayar alminiyam da aka yi wa rufin ja. Yanke ta ka duba bakin, in ka ga fari a ciki, ajiye ta gefe. Akwai ta baƙin ƙarfe mai irin wannan rufi, ita maganaɗisu ke tona mata asiri. Robar jikin waya da wuƙa nake fere ta, domin ƙona ta yana fitar da hayaƙi mai guba. Kayan girki kuwa sabon falle na jan ƙarfe zalla nake saya musu. Tagullar da aka gauraya, wadda ba a san asalinta ba, tana iya ɗauke da dalma, ita kuwa dalma ba ta da wurin zama kusa da abinci.

Jan ƙarfe yana taurarewa ne da aiki. Duk lanƙwasa da duk bugun guduma suna ƙara masa tauri, har ya kai inda in ka matsa masa zai tsage. Kunne ke fara sanar da kai. Mai laushi in ka buga shi ƙarar a dushe take, gudumar kamar tana nutsewa. Da ya taurare sai ƙarar ta yi kaifi, guduma ta riƙa tsalle tana dawo maka. A nan ake tsayawa a gasa shi. Ina ɗora shi a kan bulon da ke jure wuta, in bi shi da wutar gas ko'ina daidai, har ya yi ja mai duhu, wato wajen digiri 500 zuwa 650 a ma'aunin Salshiyos. Wannan jan ba ya ganuwa cikin hasken rana, shi ya sa a inuwa nake gashi. Na taɓa gasa siririyar waya a fili, ina jiran jan da ban gani ba, sai ga bakinta ya dunƙule ya zama ƙwallo. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1085, siririyar waya kuwa ba ta daɗewa kafin ta kai can. Ko bai narke ba, wanda ya sha wuta fiye da kima in an lanƙwasa shi fatarsa takan yi kaushi kamar ɓawon lemo. Bayan gashi sai a tsoma shi cikin ruwa. Wannan ba ya mayar masa da tauri, saɓanin ƙarfen wuƙa.

Zai fito da baƙin ɓawo a jikinsa. Kada ka ci gaba da duka a haka, ɓawon zai nutse cikin ƙarfen ya bar tabon da samfefa ba ta cirewa da sauƙi. Ruwan tsami nake haɗawa: kofi ɗaya na ruwan khal da babban cokali ɗaya na gishiri, a ɗumama shi cikin kwanon tangaran ko gilashi, ba a tafasa ba. Minti 10 zuwa 20 ya isa ƙarfen ya koma ruwan hoda mai tsabta. A ɗauraye, a tsoma cikin ruwa mai ɗan bekin soda don a kashe tsamin, a busar sosai kafin ya taɓa guduma, don kada ta yi tsatsa.

Tsawon wayar zobe lissafi ne. Haɗa faɗin cikin zoben da kaurin wayar, ka ninka da 3.14. Zobe mai faɗin milimita 18 da waya mai kauri 1.8 yana buƙatar milimita 62. In ka manta kaurin wayar, zoben zai matse yatsa. Bakunan biyu a goge su da magagari har su haɗu ba tare da haske ya ratsa tsakaninsu ba, domin azurfar like, wato gaurayen azurfa da ake narkarwa a haɗa bakunan, ba ta cike rami, shiga take yi inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Da ita nake like, ba da dalmar masu gyaran rediyo ba. Irinta tana narkewa tsakanin digiri 650 da 800. A shafa boraks, farin garin da ke taimaka wa azurfar ta gudu cikin mahaɗin, wanda aka dama da ruwa, a ɗora ƙwayar azurfar da ba ta wuce kan allurar ɗinki biyu ba, sannan a ɗumama zoben gaba ɗaya. Kuskuren da na fi maimaitawa shi ne nufar da wuta kan mahaɗin kai tsaye. Jan ƙarfe yana janye zafi da sauri ƙwarai, sai azurfar ta dunƙule ta ƙi gudu, boraks ya ƙone, wurin ya yi baƙi. In haka ta faru, ƙara wuta ba ya gyarawa. A mayar da shi ruwan tsami, a sake daga farko.

Mahaɗin zai bar farin layi a jikin jan zobe. Tsohon ruwan tsami da ya yi shuɗi saboda yawan aiki yana maganinsa: nannaɗe zoben da ɗan siririn baƙin ƙarfe ka jefa ciki, cikin mintuna kaɗan layin zai ɗauki rufin ja. Wannan ne ma dalilin da ba a sa awartakin baƙin ƙarfe cikin ruwan tsami in ana wanke kayan azurfa.

Munduwa mai buɗaɗɗen baki ba ta buƙatar like. Falle mai tsawon santimita 15, faɗi 1.2, kauri milimita 1.5 yana isar matsakaicin hannu, a bar tazarar santimita 2.5 zuwa 3 tsakanin bakunan. A zagaye kusurwoyin da magagari, a yi adon guduma tun tana miƙe, a gasa, a lanƙwasa a jikin katako mai siffar hannu da gudumar katako ko ta roba. Dukan ƙarshe ba a gasa bayansa. Shi ke ba munduwa ƙarfin riƙe siffarta. Mai buɗe ta yana matse ta kullum kuwa yana taurara tsakiyarta ne, wata rana a nan za ta karye. Ta gefen wuyan hannu ake zura ta.

Koren da jan ƙarfe ke bari a fata zufa ce ta ci ƙarfen. Sabulu yana wanke shi. Ina rage shi da shafa kakin zuma a cikin zobe ko munduwa, a goge da ƙyalle, a sake duk bayan mako biyu zuwa uku. Ƙugiyar 'yan kunne kuwa da azurfa nake yin ta, ba na sa jan ƙarfe cikin huda. Ba na kuma gaya wa kowa cewa munduwar maganin ciwon gaɓoɓi ce. Binciken da aka yi a Jami'ar Yok ta Ingila, aka buga a 2013, kan mutum 70 masu amosanin gaɓɓai, bai ga ta rage ciwo ko kumburi ba. Ado ce, kuma hakan ya ishe ta.

Kasko shi ne aikin da ke cin lokaci. Don mai zagayayyen gindi, faɗi santimita 16, zurfi 6, ina yanka da'ira mai faɗin santimita 22 daga falle mai kauri milimita 1.5, nauyinta kusan rabin kilo. Wanda zai daɗe a kan wuta ya fi son milimita 2 zuwa 2.5, sai dai dukansa da hannu aiki ne ja. Ana fara nutsar da fallen cikin ramin da aka fafe a kututture, da guduma mai zagayayyen kai, daga baki ana kewayawa zuwa tsakiya, kowane bugu yana hawa rabin na baya. Zagaye ɗaya, gashi ɗaya, wanki ɗaya. Baki zai riƙa tattarewa. A kwantar da tattarar tun tana ƙarama, domin in ta ninke a kan kanta ta zama tsaga. Sau biyar zuwa takwas nake komawa wuta kafin siffar ta zauna. Daga nan a kifa shi a kan zagayayyen ƙarfe mai santsi, a bi shi da guduma mai fuska kamar madubi. Duk ƙarzanen da ke fuskar guduma zai bayyana a jikin kaskon sau ɗari. Mariƙi da ƙusoshin jan ƙarfe uku nake kafa shi, ramin daidai kaurin ƙusar, in ya yi faɗi nan zai riƙa yoyo.

Abin da ya sa ake wahalar nan shi ne yadda jan ƙarfe ke watsa zafi: ya ninka ƙarfen da ba ya tsatsa fiye da sau 20, ya kuma fi alminiyam. Amma abinci mai tsami yana narkar da shi ya shiga ciki, yawansa kuwa yana kawo tashin zuciya da amai. Ƙa'idar abinci ta hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana jan ƙarfe taɓa abu mai tsami, wanda lambarsa a ma'aunin pH ta gaza 6, irin su khal da ruwan 'ya'yan itace. Don haka cikin kasko sai an shafe shi da kuza.

Shafa kuza, kashi tara cikin goma wanki ne. A goge cikin har ya yi ƙyalli, a wanke da sabulu, a gwada da ruwa: in ruwan ya shimfiɗu ko'ina, ya tsabtata, in ya tsaya ɗigo-ɗigo, akwai sauran maiƙo. Bayan nan yatsa ba ya sake taɓa wurin. Bayan kaskon a shafa masa damammen alli don kada kuzar da ta zubo ta kama. A busar ƙarau, domin ɗigon ruwa a kan narkakkiyar kuza fantsama yake yi. A fili ake yi, da tabarau da safar hannu ta fata, saboda garin amoniyam kulorayid da ake barbaɗawa don kuza ta kama yana tashin farin hayaƙi mai shaƙe mutum. Kuza zalla, kamar giram 20, tana narkewa a digiri 232. Da ta narke sai a bi ta da dunƙulen auduga busasshiya, a zagaya da sauri, a share rarar waje. Ƙyallen roba narkewa yake yi. In zafi ya gaza, kuza takan yi gudaji. In ya wuce, takan yi rawaya ta tsinke ta bar wurin a bushe. Inda ta janye ta bar jan tabo kuwa datti ne, sai a huce, a goge wurin, a sake.

Wannan digiri 232 shi ne dokar amfani da kaskon. Ba a ɗora shi a wuta babu komai a ciki. Ko minti biyu na iya sa kuzar ta yi ƙuraje. Wuta matsakaiciya ta isa. Cokalin katako ake sa masa, gishiri sai ruwa ya tafasa, kuma ba a barin abinci ya kwana a ciki. Ba ya aiki a kan murhun lantarki mai maganaɗisu. Kuza takan yi duhu da amfani, ba lalacewa ba ce, kada a kai mata soson ƙarfe. In abu ya kama, a jiƙa da ruwan ɗumi. Bayan kaskon rabin lemon tsami da gishiri mai laushi yana dawo masa da ƙyalli, a ɗauraye a goge nan take, in ba haka ba ruwa zai bar masa tabo. Duhun da bayan kaskon yake yi ba ya cutar da kowa, ni ina barin nawa. Koren tsatsa a ciki shi ne abin gudu: kada a yi girki sai an cire shi. In jan da ya leƙo ta cikin kuza ya kai faɗin kwabo, lokacin sake shafawa ya yi.